Mai Gyara a Bakin Ɗakin Tiyata: Lacca kan Binciken Injiniyancin Kayan Asibiti

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Mai girma shugaban wannan zama, malamaina da ke sahun gaba, likitoci, ma'aikatan jinya, injiniyoyi da masu gyaran na'urori, da ku ɗalibai da kuka cika bayan zaure, barkanku da yamma. An nemi in yi magana a kan binciken injiniyancin kayan asibiti, wato aikin da likita da injiniya ke haɗuwa su yi a asibitin koyarwa har a samu na'urar da za ta amfani majiyyaci. Na shirya abubuwa huɗu. Na farko labarin wani asibitin jami'a a Amurka, na biyu ƙa'idojin gwada sabuwar na'ura a jikin mutum, na uku aikin da aka yi wa jarirai bakwaini a Malawi, na huɗu kuma maganar kuɗin bincike da wanda ke da haƙƙin mallakar abin da aka ƙirƙira. Shugaba ya ajiye agogonsa a kan tebur inda zan gan shi, na kuma fahimci saƙon.

A Amurka akwai wata jiha mai tsananin sanyi da ake kira Minisota, kuma a birnin Miniyapolis jami'ar jihar take da asibitinta na koyarwa. Kafin shekarun 1950 babu likitan fiɗa da ke iya buɗe zuciyar mutum ya yi gyara a cikinta. Zuciya cike take da jini, ba ta daina motsi, idan kuwa aka tsayar da ita, ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini fiye da kamar minti huɗu. Ga shi ana haifar yara da huda a bangon da ya raba sassan zuciya, likita ya san inda hudar take, ya san ɗinki kaɗan zai toshe ta, amma babu halin shiga.

A ranar 2 ga Satumba 1952, a wannan asibiti, Dakta John Lewis ya sanyaya jikin wata yarinya 'yar shekara biyar har buƙatar jikinta ga iskar oksijin ta ragu, ya tsayar da jini na kimanin minti biyar da rabi, ya ɗinke hudar, yarinyar kuma ta rayu. Sai dai minti biyar ko shida ba su isa gyara mai wuya ba. Wata takwas bayan haka, a watan Mayun 1953, Dakta John Gibbon a birnin Filadelfiya ya yi nasara da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu, wanda injiniyoyin kamfanin IBM suka taimaka masa wajen ƙerawa. Injin babba ne, mai tsada, mai wuyar sarrafawa, kuma da majiyyatan da suka biyo baya suka rasu sai Gibbon ya janye hannunsa daga wannan tiyata.

A nan ne Dakta Walton Lillehei ya shigo, kuma ina roƙon ɗalibai su riƙe sunansa. A watan Maris na 1954 ya kwantar da yaro ɗan shekara ɗaya da wata ɗaya a kan tebur, ya kwantar da mahaifin yaron a tebur na kusa, ya haɗa jijiyoyinsu da bututun roba da ƙaramin famfo, ta yadda zuciyar uba da huhunsa suka riƙa yi wa su biyun aiki yayin da ake ɗinki a zuciyar ɗan. Masu suka sun ce wannan ce tiyata ɗaya tilo da za a iya shiga da majiyyaci ɗaya a fito da gawa biyu, kuma ba su yi ƙarya ba. Yaron farko ya rasu bayan kwana goma sha ɗaya saboda ciwon huhu. Duk da haka an yi irin wannan tiyata sau 45 tsakanin 1954 da 1955, fiye da rabin yaran kuma sun koma gida, yaran da a da babu abin da ake yi musu sai jira.

Lillehei ya san ba za a dawwama ana jefa iyaye cikin haɗari ba. Akwai wani matashin likita, Richard DeWall, da ke aiki a ɗakin gwajin dabbobi, sai ya ɗora masa aikin samo hanya mai sauƙi ta sanya wa jini oksijin a wajen jiki. A lokacin manyan masana sun yi ittifaƙi cewa hura kumfar iska cikin jini kisa ne, domin kumfa ɗaya idan ta wuce zuwa ƙwaƙwalwa ta toshe jijiya, shi ke nan. DeWall bai yi musu da su cewa kumfa na kisa ba, abin da ya tambaya shi ne yaya za a fitar da ita bayan ta gama aikinta. Ya hura oksijin cikin jini a bututu mai tsaye, ya bi da jinin ta wani sashe da aka shafa wa sinadarin silikon mai fasa kumfa, sannan ya gangarar da shi ta doguwar roba da aka naɗe kamar gammo a cikin ruwan ɗumi. Jinin da ba shi da kumfa ya fi nauyi, sai ya nutse ƙasa ya koma jikin majiyyaci, ragowar kumfar kuma ta taso sama. An fara amfani da ita a watan Mayun 1955. Robar ba ta da tsada, ana amfani da ita sau ɗaya a jefar, kuma duk asibitin da ke da mutum mai hannu zai iya haɗa ta. Likitoci suka riƙa zuwa Miniyapolis daga ƙasashe suna kallo suna komawa gida su ƙera tasu. Christiaan Barnard, wanda ya fara dashen zuciya a Afirka ta Kudu a watan Disambar 1967, a nan ya samu horo.

To, har yanzu ban zo wurin da nake so ba, ku yi mini haƙuri. Da tiyatar ta yawaita sai wata matsala ta bayyana. A cikin bangon zuciya akwai wata siririyar hanya da saƙon lantarki ke bi daga sama zuwa ƙasa, shi ne ke umartar zuciya ta buga, kuma ido ba ya ganin wannan hanya. Likita na ɗinke huda sai allurarsa ta taɓa ta ko kumburi ya danne ta. A farfaɗo da yaro, huda ta toshe, amma bugun zuciya ya faɗi ƙasa warwas. Sau da yawa hanyar na warkewa da kanta cikin mako biyu ko uku, idan an samu abin da zai riƙe zuciyar har zuwa lokacin. Na'urar da ake da ita, ta Dakta Paul Zoll na Boston, ta kan fatar ƙirji take aika lantarki mai ƙarfi, tana ƙona fata, tana sa ciwon da babba ma ba ya jurewa balle yaro. Sai mutanen Lillehei suka gwada ɗinka siririyar waya a jikin naman zuciyar kanta su fito da ita ta fata, suka ga lantarki ɗan kaɗan ya wadatar, majiyyaci ma ba ya ji. A farkon 1957 suka fara yi wa yara. Amma injin da ke ba da lantarkin ƙato ne, a kan amalanke ake tura shi, kuma a soket ɗin bango yake shan wuta.

Ranar 31 ga Oktoba 1957 aka ɗauke wuta a Miniyapolis, ta yi kusan awa uku ba ta dawo ba. Na ga ana dariya a baya. Ƙwarai kuwa, an ɗauke wuta a Amurka, bambancinmu da su shi ne har yau suna tuna ranar da watan da shekarar. (Dariya.) Asibitin na da wutar ko-ta-kwana a ɗakunan tiyata, amma ba ta kai ɗakunan kwanciya ba, ga kuma yara da bugun zuciyarsu ke rataye da bango. Wa Lillehei ya nema bayan wannan? Bai rubuta wa wani babban kamfani takarda ba, bai kafa kwamiti ba. Mutumin da yake gani kullum a farfajiyar ɗakin tiyata yana gyara musu na'urori ya tare, wato Earl Bakken.

Bakken injiniyan lantarki ne da ya yi karatu a wannan jami'a. A 1949 shi da surukinsa Palmer Hermundslie suka buɗe shagon gyaran kayan asibiti a cikin wani gareji, suka sa masa suna Medtronic, kuma cinikinsu na watan farko dala takwas ne. Mai gyara ne, ina so a ji wannan da kyau, mai gyara ne. Saboda yawan zamansa a asibitin, ya san yadda ma'aikaciyar jinya ke riƙe na'ura, ya san abin da ke lalacewa da dalilin lalacewarsa, likitoci kuma sun san fuskarsa. Da aka ce masa ana son abin da zai yi aiki da batir, sai ya tuna wani zane da ya gani a mujallar masu sha'awar haɗa rediyo, fitowar Afrilun 1956, zanen ƙaramar na'urar da ke ƙas-ƙas a kan lokaci domin mai koyon kiɗa ya daidaita hannunsa. Taransista biyu ne a cikinta. Ya cire lasifikar, ya mayar da ƙas-ƙas ɗin ya zama bugun lantarki da zai bi waya zuwa zuciya, ya sa batir, ya rufe a akwatin da bai wuce tafin hannu biyu ba, da maɓallin ƙara saurin bugu da na ƙara ƙarfinsa. Cikin mako huɗu ya gama. Ya kai ɗakin gwajin dabbobi aka gwada a jikin kare, ya tafi gida yana tsammanin za a daɗe ana gwaji. Washegari ya dawo asibitin wani aikin daban, sai ya hango akwatinsa a jikin wata yarinya.

Wannan shagon gareji shi ne yau ɗaya daga cikin manyan kamfanonin kayan asibiti na duniya, amma ba girman kamfanin ne ya dame ni ba. Abin da nake so shugabannin asibitocinmu su duba shi ne inda Bakken yake tsaye ranar da aka neme shi. A yawancin asibitocin da na sani, ɗakin masu gyara yana can baya kusa da gidan janareto, ba a kiransu sai abu ya mutu, ba sa bin zagayen likitoci na safe, ba a gayyatarsu taron duba musabbabin mace-mace. Mutumin da ba ya ganin majiyyaci, ta yaya zai san abin da majiyyaci ke buƙata? Ra'ayina shi ne, asibitin koyarwa da ke son bincike ya fara da ba injiniyansa farar riga da kujera a taron sashe, tun kafin a yi maganar sabon gini.

Kafin in bar zuciya, dole in ba ku labarin Suwidin, ko da agogo zai yi fushi. Ranar 8 ga Oktoba 1958, a asibitin Karolinska, likitan fiɗa Ake Senning ya dasa na'urar farko da ke zama gaba ɗaya cikin jiki, wadda Rune Elmqvist ya ƙera. Nan ma likita ne da injiniya. Ta yi aiki na awa uku ta tsaya, aka sa ta biyu. Majiyyacin, Arne Larsson, an yi ta sauya masa na'ura har guda 26 a tsawon rayuwarsa, ya rasu a 2001 yana da shekara 86, bayan ya ga rasuwar injiniyan da ta likitan duka. Rai na hannun Allah.

Na biyu, zan taƙaita. Abin da aka yi da akwatin Bakken, daga kare yau zuwa yarinya gobe, wanda ya yi shi a yanzu kotu zai gani, kuma daidai ne. Amurka ba ta yi cikakkiyar dokar tantance na'urorin asibiti ba sai 1976, bayan wasu na'urori sun cutar da mutane da yawa. Yau sai an gwada na'ura a kan benci an tabbatar ba ta zubar da lantarki cikin jiki, ba ta zafi fiye da kima, kuma idan ta lalace za ta yi ƙara ta sanar. Sannan a rubuta tsarin gwajin a kai wa kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti, a yi wa majiyyaci ko waliyyinsa bayani da harshen da yake ji, ya amince ba tare da tilas ba, a ƙarshe hukuma irin NAFDAC ta yi rajista. Mu nan ba ma buƙatar wani ya koya mana muhimmancin wannan. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya kai ga shari'a ta shekaru, kuma tabon da ya bari a zukatan iyaye ya shafi har rigakafin shan inna daga baya. Magani ne ba na'ura ba, amma amanar ɗaya ce.

Na uku... a'a, kafin na uku, wata ƙididdiga. Masu bincike daga Jami'ar Duke ta Amurka sun duba bayanan na'urori sama da dubu ɗari a asibitocin ƙasashe 16 masu tasowa, suka wallafa a 2011 cewa kusan kashi 40 cikin 100 ba sa aiki. Yawanci ba wata babbar matsala ba ce, rashin kayan gyara ne, da rashin horo, da wutar da ke hawa da sauka. Wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiyar asibiti ya ga kwalaben jarirai jere da ƙura a kansu ya san wannan ba labari ba ne.

To, Malawi. Huhun bakwaini ba shi da isasshen wani ruwa mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan iska manne wa juna, saboda haka duk numfashin da ya fitar sai huhun ya rufe, ya sake fama ya buɗe shi, har ya gaji. Tun 1971 Dakta George Gregory ya nuna cewa idan aka riƙe iska da ɗan matsi a hanyar numfashin jariri ba yankewa, huhun zai zauna a buɗe. A lokacin da aka fara aikin Malawi, na'urar da ke yin haka a Amurka ta kai dala 6,000. Sai malamai da ɗaliban injiniya na Jami'ar Rice ta Amurka, ƙarƙashin Rebecca Richards-Kortum da Maria Oden, suka haɗa kai da likitocin yara da ma'aikatan jinya na asibitin Queen Elizabeth da ke Bilantaya, wanda shi ne asibitin koyarwa na kwalejin likitancin ƙasar. Suka ɗauki famfon da ke hura iska a tankin kifin ado, suka haɗa da robar hanci da gorar ruwa. Zurfin da bakin robar ya nutse a ruwan shi ne ke tsayar da matsin, kuma ma'aikaciyar jinya na ganin kumfa na tashi ta san abu na aiki. A sakamakon da suka wallafa a 2014, kashi 71 cikin 100 na jariran da aka sa wa na'urar sun rayu, waɗanda aka ba oksijin kaɗai kuwa kashi 44. Jarirai 87 ne kawai a gwajin, kada a manta da wannan. Daga baya kuma suka gano cewa jaririn da jikinsa ya yi sanyi ba ya cin cikakkiyar moriyar na'urar, dole a haɗa da ɗumama shi da tsayayyiyar wuta da mai gyara a kusa. Wannan ne ya haifar da shirin NEST360, wanda Najeriya na cikinsa tare da Malawi da Kenya da Tanzaniya. A gida kuma muna da Farfesa Hippolite Amadi, wanda ya daɗe yana farfaɗo da matattun kwalaben jarirai a asibitocin ƙasar nan, ya kuma ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2023.

Shugaba ya ɗaga agogo. Na huɗu, maganar kuɗi da haƙƙin mallaka, a bar ta sai wani zaman, da ma ita ce ta fi jawo rigima. A ba masu tambaya dama.

Wata ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko gaskiya ne lalle na ɓata lissafin abin da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa domin auna oksijin, domin a ɗakin haihuwa mata da yawa da lalle suke zuwa.

Hajiya, Allah ya saka da alheri, wannan tambaya ta fi abin da na bari daraja. Na'urar nan wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Fitila biyu ne a cikinta, ɗaya ja, ɗaya kuma irin hasken da ido ba ya gani. Jinin da ya ƙoshi da oksijin da wanda bai ƙoshi ba sun bambanta wajen shanye waɗannan hasken biyu, sai na'urar ta kwatanta abin da ya ratsa yatsa a kowane bugun jini ta fitar da lamba. Saboda haka duk abin da ya tare haske zai iya rikita ta. An gwada lalle a Saudiyya tun shekarun 1990, aka ga jan lalle ba ya kawo matsala sosai, amma baƙi na tare hasken. Haka jan farce mai duhu, da yatsa mai sanyi, da majiyyacin da ke karkarwa. Idan kin samu baƙin lalle, nemi yatsan da bai sha ba, ko na ƙafa, ko ki sa a kunne idan kina da maƙalin kunne.

Amma akwai abin da ya fi lalle, shi ne fatarmu. A watan Disambar 2020, ana tsakiyar korona, Dakta Michael Sjoding da abokan aikinsa na asibitin Jami'ar Mishigan suka kwatanta lambar da na'urar ke nunawa da ainihin oksijin da aka auna a jinin da aka ɗiba daga jijiya. Suka duba lokutan da na'urar ke cewa 92 zuwa 96, wato babu damuwa, alhali jinin ya faɗi ƙasa da 88. A fararen fata hakan ya faru a kashi 3.6 cikin 100, a baƙaƙen fata kashi 11.7, ninki uku ke nan. Dalili shi ne an daidaita lissafin yawancin na'urorin ne a jikin mutanen da galibinsu farare ne, kuma tun 1990 wasu likitoci suka yi nuni da matsalar ba a kula ba. Saboda haka, Hajiya, idan na'ura ta ce 93 amma kina ganin mace na numfashi sama-sama, hancinta na buɗewa, ta kasa ƙarasa magana, ki yarda da idonki ki kira likita.

Wannan bincike ne da za a iya yi a asibitin koyarwa irin namu. Majiyyatan sashen kulawa ta musamman da ma ana ɗibar musu jinin jijiya. Abin da ake buƙata shi ne amincewar kwamitin ɗa'a, da injin auna iskar jini da aka tabbatar da ingancinsa, da hanyar auna duhun fata wadda ba ƙiyasin ido ba, sai a tattaro ire-iren na'urorin da muke da su, har da masu arahar da ake saya a kantin magani, a maƙala su a daidai minti ɗin da ake ɗibar jinin, a rubuta lambobin biyu gefe da gefe, masu lalle a shafi daban. Ina ganin hannu a can gefen taga, amma an kira salla. Shugaba, na mayar maka da makirufo. Wassalamu alaikum.